Kafin Baba Ya Ci Sabuwar Doya

Shekarun baya, a damina ta farko bayan rasuwar mahaifina, na tattaro 'yan komatsaina daga Abuja na dawo Jalingo da sunan hutu. Wurin aikina sun ɗaga mini ƙafa na 'yan watanni, suka ce in na wuce haka kujerata ta zama ta wani. Ni kuwa har ga Allah ba na son komawa. Mahaifiyata ita kaɗai ta rage a gidanmu na Nukkai, yayyena maza duk suna nesa da iyalansu. Na lura tun da aka yi jana'iza, in ta sauke abinci sai ta zuba kwano biyu, sannan ta tsaya, ta juye ɗaya ta mayar cikin tukunya.

Matsalar ita ce irin aikina ba a cika nemansa a Jalingo ba a lokacin. Ni mai tsara rahoto ce a kwamfuta. In kamfani ya tara bayanai har suka yi masa yawa, ni ce nake zana allon da manya za su buɗe a waya su ga halin da ake ciki a kallo ɗaya, abin da 'yan ofis ke kira dashbod. Mama dai har gobe in aka tambaye ta aikina, cewa take, "Danne-danne take yi."

Wata rana da hantsi abokina ya zo gaisuwa. Tare muka yi sakandare, a lokacin shi ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoma da ke karɓar masara da riɗi da shinkafa daga membobinta ta adana. Suna da sito a Jalingo, suna da babba a Mutum Biyu, da wasu ƙanana a ƙauyuka. Ya ce wakilansu sun daɗe suna shigar da kowane buhu ta waya, bayanai sun taru himili guda, amma ba mai iya ganin komai a ciki. In shugaba yana son sanin masara nawa ta rage, sai ya yi ta kiran waya, kowa ya ba shi nasa lissafin.

"Wani ya taɓa zuwa ya ce sati uku zai gama," in ji abokina. "Har yau sati ukun nan ba su cika ba. Yanzu rabin kwamiti so suke a ba wani kamfani daga waje. In kika yi shi, ke za a bar wa kula da shi. Kin samu dalilin zama ke nan."

Ban bari ya gama shan ruwansa ba na jawo kwamfuta.

Na leƙa bayanan nasu sosai, sannan na zauna na yi kiyasi yadda aka koya mana. Na yanka aikin gunduwa-gunduwa. Sati ɗaya in zauna da shugabanni su faɗi abin da suke son gani, biyu in tsabtace bayanai, uku in gina shafuka, ɗaya a gwada. Na ƙara sati guda a kai saboda ɗaukewar wuta da tsautsayi, har ina yaba wa kaina hangen nesa. Sati takwas ke nan. Na shafa wa kowane mataki launinsa, abin ya yi kyau har na ji kamar in buga shi in rataye a falo.

Shugaban ƙungiyar dattijo ne Bafulatani, dogo, mai magana a hankali, kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe cikin manoman doya har ya zama abin tsokana a gari, ana cewa in an nemi Baba an rasa, a bi ƙarar turmin sakwara. Ya tarbe ni da "Jaɓɓama, 'yata," ya daɗe yana yi mini ta'aziyya, domin da mahaifina aka kafa ƙungiyar. Na buɗe kwamfuta zan nuna masa tsarina mai launi, sai ya ɗaga hannu.

"Wannan naki ne. Ni abu ɗaya zan tambaya. Yaushe?"

"Sati takwas, Baba."

Ya ɗaga kai sama yana lissafi. "Wato wajen shigowar sabuwar doya." Sai ya juya ga 'yan kwamitin da ke zaune. "To ku shaida. Ranar da na ci sabuwar doya, ranar nake so in buɗe wayata in ga masarar Mutum Biyu ina zaune a nan. In na ci ban gani ba, ku kira mutanenku na waje, ba zan ce uffan ba."

"An gama, Baba," na ce, har da ɗaga kafaɗa.

A cikin keke hanyar gida bakina har kunne, mai keken ma sai da ya waiwayo ya ce ko an sa mini rana ne. Na ce masa eh, an sa.

To jama'a, kun san wannan sati ɗayan na farko da na ware don zama da shugabanni? Shi ya kusa kai ni ƙasa. Ba a zana allon rahoto sai masu abu sun yarda a kan yadda za a ƙirga abin. Yaushe buhu ya zama buhu, ranar da ya shigo sito da danshinsa, ko bayan an shanya an auna? Ina sati yake ƙarewa? Kayan matan aure da sunan wa za su fito? Tambayoyi ne da ba su kai goma ba, amma ba ni zan amsa su ba. Mutum uku ne za su zauna da Baba su yanke: mai kula da babban sito na Mutum Biyu, wanda nake kira Kawu, da sakatare, tsohon hedimasta kuma dattijon coci, sai shugabar mata.

Abin da Abuja ta mantar da ni shi ne, a Jalingo in damina ta sauka babu ma'aikaci, kowa manomi ne. Na kira taro na farko, ni da abokina da kwalaben lemo ne kawai muka halarta. Na kira na biyu, aka wuni ana ruwa, kowa ya kwana da shirin gona. Juma'a ba a taɓa ta, Lahadi ba a taɓa ta, Asabar in ba ɗaurin aure ba to jana'iza. Na koma bin su ta waya ɗaya-ɗaya. Kawu ya ce sati yana ƙarewa ne ranar kasuwar Mutum Biyu, ko jariri ya sani. Sakatare ya ce tun da aka halicci duniya sati daga Litinin yake farawa a ofis. Shugabar mata ta ce in sake kiranta, tana tsakiyar gona ne. Sati uku suka wuce fit, launin farko a tsarina bai motsa ba.

Wani yammaci ina zaune a tsakar gida na zuba tagumi, Mama tana gyaran ganyen miya tana nata ƙorafin. Gonarta ta doya ciyawa ta fi ƙarfinta, ga gwiwa tana damunta.

"Da babanki na nan da tuni ya kira gayya," ta ce. "Wuni ɗaya an share ta. Mutanen ƙungiyarsu ba wanda yake ƙin zuwa."

Na ɗago kai. "Mama, su wa kika ce?"

"Su Baba mana, da sakatare, da kawunki na Mutum Biyu. Duk tare suke yi."

Wallahi ji na yi kamar an kawo wuta bayan sati guda. Na miƙe tsaye har na shure kwanon ganyen. Mutanen da na yi sati uku ina farauta, ashe akwai kiran da ba sa iya ƙi. Taro ana iya ba da uzuri, amma matar marigayi ta kira gayya ka ce ba ka zuwa? Da wane ido za ka kalli mutane?

"Mama, ki kira gayya. Ni zan yi cefane."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi wani ɗan murmushi. "Kin tabbata, Injiniya?"

"Na tabbata."

Washegari ta ɗaura zanenta na zumunta ta bi gida-gida da kanta, Kawu kuma ta aika masa. Ba wanda ya ce zai duba.

Ranar gayya tun kafin rana ta fito gonar ta cika. Baba ya zo da 'ya'yansa, ya naɗe riga ya karɓi fartanya, duk da an roƙe shi ya zauna. Kawu ya sauka daga mota da mutanensa. Shugabar mata ta zo da tawaga, har da mai ganga. Da aka fara kiɗa aka jera layi, ciyawa ta ga ta kanta. Ni ma na shiga da zumuɗi, ban yi nisa ba na sare wa doya ɗaya hannu. Shugabar mata ta zare fartanyar daga hannuna, ta miƙa mini bokitin ruwa. A wannan matsayin na ƙarasa hidimata.

Da rana ta take aka taru a gindin ɗorawa. Mama ta yi tuwon masara da miyar karkashi, ga kunun zaki a manyan robobi. Ta sanar tun farko cewa saboda su Baba babu burkutu a wannan gayyar, sakatare ya yi gyaran murya ya ce ai shi dama ba ya sha, mutane suka kwashe da dariya. Na bari sai da kowa ya sa loma ta yi nisa, sannan na kifa daro na ɗora kwamfuta a kai.

"Iyayena, tunda ga ku duka, 'yar tambaya ce da ni."

Kawu ya nuna ni da yatsa yana dariya. "Ashe tarko ne."

Tarko ne kam, kuma ya kama. Ba mai tashi daga gayya kafin mai gona ta yi godiya, Mama kuwa ta sami wuri ta zauna abinta. Aka fara da buhu. Kawu ya ce masarar da ta shigo da danshi in ta bushe raguwa take yi, sannan a zo a ce shi ya ci. Aka yarda allo ya nuna biyun, wadda ta shigo da wadda aka auna, amma wadda aka auna ita ce lissafi. Maganar sati ta ɗau zafi, hedimasta har da miƙewa tsaye da tuwo a hannu. Na ce ai ana iya sa maɓalli, mai son satin kasuwa ya danna, mai son satin ofis ya danna. Suka kalli juna kamar an raba su da faɗan da suke jin daɗinsa.

Sai shugabar mata ta ajiye kofinta.

"Ni tawa ɗaya ce. Riɗin da na shuka, na yanka, na kakkaɓe, in buɗe waya in gan shi da sunan maigida? Mutumin da ko hanyar gonar bai sani ba?"

Matan suka ɗauki shewa. Baba ya bari ta lafa, sannan ya ce, "Kowa da sunansa. Rubuta, 'yata."

Kafin kunu ya ƙare na sami amsar kowace tambaya. Abin da ya gagare ni sati uku, wuni ɗaya ya ishe shi, ga gonar Mama tas kamar an share da tsintsiya. Na sake lissafi a nan gindin bishiyar, na ga in na matse, ragowar satuttukan za su ishe ni cif. Daɗi ya cika ni har na shiga fili na taka rawar da ban iya ba. Ina ta raya wa kaina yadda zan ba 'yan Abuja labarin sabuwar dabarar da na ƙirƙiro.

Ana sallama Kawu ya ce, "To 'yata, gidanku ya dawo layi. Tamu sati mai zuwa ce, sai mun gan ki."

Na ce, "Allah ya kai mu," ina ɗauka irin maganar rabuwa ce. Sai da muka isa gida na tambayi Mama me yake nufi.

"Me yake nufi kuma? An zo miki, za ki je wa mutane. Zumunta ai a ƙafa take. Kawunki, sakatare, shugabar mata, Baba. Kowa ya kira, gidan nan sai ya ba da hannu."

"Hannun wa?"

Ta kalli gwiwarta, ta kalle ni.

"Mama, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ce kin tabbata, kika ce kin tabbata."

Ni da na tashi a makarantar kwana, gayya ta ɓangaren tuwo kawai na santa. A tsarina mai launi akwai wuta, akwai tsautsayi, amma babu gonaki huɗu.

Haka na shiga layi. Ta Kawu ita ta fara koya mini hankali, domin tafiya Mutum Biyu wuni ce, noma wuni, dawowa da jinyar jiki wani wunin. Can kuma ba wanda ya ba ni bokiti, fartanya aka miƙo mini. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe, na koma danna kwamfuta da yatsa biyu kamar kaza tana tsintar tsaba. Abokina in ya shigo ya gan ni sai ya ce, "Sannu da aiki, sarkin noma."

Amma fa kada in yi wa gayya butulci. Duk gonar da na je, da shafin mai gonar nake zuwa a waya. In an zauna cin abinci sai in miƙa masa. Kawu ya duba nasa ya ce rubutun ya yi ƙanana, shi a cikin sito yake dubawa, babu haske. Sakatare ya gano ƙauye guda da aka rubuta sunansa iri uku, allona yana ƙirga shi ƙauye uku. Shugabar mata ta sa na ɗaga shafin mata daga ƙarshe na dawo da shi kusa da na farko. Gyaran da da sai na yi wata ina bin mutane, a bakin kunya na same shi da zafinsa. Kowace dawowa jikina na ciwo, raina kuwa fes, domin ina ganin abin yana tashi kamar gini.

Sai dai rana ba ta ƙarya. Wata safiya na shiga Kasuwar Jalingo sayen kayan miya, ina karya kwana sai ga ta. Tuli guda, fatarta fara sol, da jar ƙasa ɗanya a jikinta.

"Sabuwa ce, 'yar'uwa, jiya ta sauka," in ji mai doyar. "A sa miki nawa?"

Nan take na tuna sharaɗin Baba. Shafin masara ya tsaya da ƙafarsa, amma na riɗi da na shinkafa rabi-rabi ne, ba a yi gwajin ƙarshe ba, kuma masarar Mutum Biyu ba ta fara shigowa allon kai tsaye ba. Hutuna na Abuja kuma saura sati uku ya ƙare. Na manta da tattasai, na tari keke sai gidan Baba.

Na same shi a zaure a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, doya ta shigo. Ban gama ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin ga na ci?"

Na girgiza kai.

"Tun jiya aka kawo ta gidan nan. Na ce a daka wa yara, ni a tuƙa mini tuwo. Na ce ranar da na ci, ban kuwa ci ba. Magana tana nan inda na ajiye ta." Daga cikin gida ana jin ƙarar turmi, tim, tim. Ya ɗan karkata kai wajen, sannan ya dawo da shi da ƙyar. "Yanzu faɗa mini, kwana nawa zan yi ina jin wannan ina haɗiyar yawu?"

Jama'a, ban taɓa jin nauyin tambayar "yaushe" irin na ranar ba. "Sati ɗaya" ya zo har bakin leɓena. Dattijo ya hana kansa abin da ya fi so a duniya saboda ni, wace irin mara kunya ce za ta ce masa ya ƙara jira? Amma na tuna mutumin sati uku. Na tabbata shi ma ba mugu ba ne, fuskar Baba ya kalla ya faɗi abin da zai yi daɗin ji.

Na haɗiye sati ɗayan. Na fara lissafi a fili, da yatsuna masu ciwo. Na faɗi kwanakin da aikin hannuna zai ci. Na cire Juma'a da Lahadi, domin ba zan sami wanda zan tambaya ba. Na sa kwanakin da zan jira Kawu ya gwada daga sito, domin sai ranar da ba kasuwa zai samu zama. Na sa wuta.

"Sai kuma gayyarka, Baba. Ita ce ta rage. Kwana uku za ta ci mini."

"Tawa ma sai ta shiga lissafi?"

"Ita ce ma babba. Gonarka ta fi ta kowa faɗi."

Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. "To nawa ya kama?"

"Sati biyu da rabi."

Dariyar ta tsaya. Ya lumshe ido ya ce, "Ya salam." Can ya buɗe. "Ba ragi?"

"In na rage, ƙarya zan yi maka, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Wannan lissafin na yarda da shi, domin na ji sunana a ciki. Tashi ki je."

Kafin kwana biyu labari ya zaga. Baba ba ya cin sabuwar doya sai 'yar marigayi ta gama aikinta. Abin ya zama wasa a gari. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin da ke son kamfanin waje ya aika masa da sakwara mai zafi da miyar agushi, wai sadaka. Baba ya yi godiya da Fulatanci, "Useko," ya tura wa baƙin da ke zaure, ya zauna yana kallonsu har suka suɗe kwano. A gayyarsa ma sakwara aka yi wa jama'a, mai gona yana gefe da tuwonsa. Kullum da safe abokina sai ya turo mini saƙo, "Bai ci ba." Ni kuwa in na gani sai in ji wani ƙarfi ya shige ni. Ban taɓa yin aiki da irin wannan zumuɗin ba, ko kafin nan ko bayan nan. Mama ma na lura ba ta haƙa tata doyar ba, alhali maƙwabta sun fara kai tasu kasuwa. In na tambaya sai ta ce ba ta nuna ba tukuna.

Ranar da na faɗa, ranar na kai. Ofishin ƙungiya ya cika har waje. Kawu yana can sitonsa a Mutum Biyu, abokina ya kira shi ya sa wayar a fili kowa na ji. Baba ya gyara tabarau, ya buɗe tasa wayar, na nuna masa inda zai taɓa. Shafin farko ya buɗe, masarar Mutum Biyu a sama da manyan lambobi. Ya karanta adadin da ƙarfi.

"Haka ne?" ya tambayi Kawu.

"Haka yake, Baba. Amma tsaya, ga wani buhu a kan sikeli yanzu. Bari in shigar."

Kowa ya matso kusa. Baba ya ƙura wa wayar ido. Sai lambar ƙarshe ta juya a gabansa, ɗaya ta ƙaru.

"Ta motsa!" ya ce, ya miƙe tsaye, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. "Wallahi ta motsa."

Wuri ya kaure. Sakatare yana ta danna maɓallin sati, ya koma na kasuwa ya dawo na ofis, kamar wanda aka saya wa sabon rediyo. Shugabar mata ta bi layi da yatsa har ta kai kan sunanta da riɗinta a gefe, ta rangaɗa guɗar da sai da masu wucewa a titi suka leƙo. Ni kuma ina tsaye ina dariya hawaye na zuba, na rasa wanne zan fara sharewa.

Ana cikin haka sai ga Mama a bakin ƙofa, da mata biyu a bayanta ɗauke da manyan kuloli. Ashe tun asuba ta je gona ta haƙa.

"Doyar farko ta waɗanda suka yi noma ce," ta ce. "Baba, bismillah."

Aka kawo ruwa ya wanke hannu. Ya yanki loma, ya dangwali miya, ya kai baki, ya rufe ido. Duk ɗakin muka tsaya muna kallon dattijo yana cin sakwara kamar ba mu taɓa gani ba. Sai da ya yi loma uku sannan ya yi magana.

"'Yata, da kin ƙara sati ɗaya, da sai dai ku kai mini ita asibiti." Aka yi dariya. Ya nuna ni da hannun miyar. "Ki faɗa wa mutanen Abuja su ba wani kujerar. Ku kuma kwamiti, akwai mai magana?"

Babu mai magana, bakin kowa a cike yake.

Yanzu in na tuna abin, wani wuri ne yake ba ni dariya. Kiyasina na aikin kwamfuta bai yi kuskure ba, kusan daidai ya fito. Abin da na bari a waje shi ne mutane. Na ƙirga kwanakin hannuna, ban ƙirga na waɗanda zan jira ba, ban tambayi inda za su kasance a watan ba, ban kuma san abin da zuwansu zai ɗora mini ba. Shi ya sa yau in wani ya ce mini "Yaushe?", ba na buɗe kwamfuta tukuna. Sai in tambaye shi su wa za su yanke magana, wane wata muke ciki, kuma suna da gona ko babu. Wasu su yi dariya, su ɗauka wasa nake. In kuma na ji adadi mai daɗin ji yana hawowa bakina, sai in tuna ƙarar turmin nan a gidan Baba, in haɗiye shi in faɗi na gaskiya.

Har yanzu ina cikin layin gayya, kuma na daina sare wa doya hannu. Duk shekara ni nake kai wa Baba ta farko daga gonarmu, shi kuma ba ya karɓa sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "An gama dai ko?"

Mama kuwa har yau kwano biyu take zubawa, sai dai ta daina mayar da ɗaya cikin tukunya.